Gahawata ta ƙi saukowa daga tulun sama, ina neman shawara

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka san kan tukunyar gahawa ta gilashi mai hawa biyu, wadda ake ɗorawa a kan murhu, wasu na ce mata saifon, ku taimaka mini. Tulu ne a ƙasa da ake zuba ruwa, da wani a sama mai dogon bututu, sai roba a tsakaninsu da matata ta ƙyalle. Hawan ruwan ba shi da matsala, da ya yi zafi sai ya haye. Saukowar ce damuwata. In na kashe wuta sai ya fara tsiyaya kamar abin kirki, da ya kai rabi sai ya tsaya cak. Sai na yi ta jira kafin ya ƙarasa, wani lokaci ma ba ya ƙarasawa. Abin da ya sauko kuwa ga ɗaci ga bauri, har yana kama harshe. Ƙamshin nan da nake ji sa'ad da garin ya haɗu da ruwan zafi, ko kaɗan ba na samunsa in na zo sha. Da ƙaramin inji mai wuƙa nake niƙa 'ya'yan, murhuna kuma na gas ne.

Abu na biyu, kullum sai ruwa kaɗan ya saura a ƙasa bai hau ba. Lalacewa ce ko haka take? Ina son tukunyar nan ƙwarai, ba na so in jingine ta.

Wani dattijo a rukunin:

Wa alaikumus salam, ɗana. Bari in fara da ta biyun, don ita za ta warware maka ta farkon. Ruwan da ke saura a ƙasa ba lalacewa ba ne, da gangan aka gajarta bututun ya tsaya bai taɓa gindi ba. Wannan ɗan ruwan shi ke ci gaba da fitar da tururi, tururin kuma shi ke tokare ruwan da ya hau. Kuma shi ke hana gilashin ƙonewa a bushe. Ranar da ka ga ya ƙafe, to wutarka ta yi yawa, sauke maza.

Aikinta duka na iska ne da tururi. In tulun ƙasa ya yi zafi, iskar da ke ciki ta kumbura, tururi ya taru, ba su da mafita saboda robar ta toshe baki, sai su danne ruwa ya bi bututu ya hau. Da ka ɗauke ta daga wuta, tururin ya huce ya koma ruwa, sai cikin tulun ya zama kusan wayam, iskar waje ta danno gahawar ta matata ta dawo ƙasa. Saboda haka in saukowa ta tsaya, abu uku ne ake zargi: ko matata ta toshe, ko iska na satar shiga ta gefen roba, ko tulun ƙasa bai huce ba. Na ukun mutane da yawa ba sa lura da shi. Kashe wuta kawai bai isa ba, don ƙarfen murhun yana riƙe da zafi. Ɗauke ta gaba ɗaya ka ajiye a kan katako ko busasshen tsumma.

Ɗacin kuwa jinkirin ne ke haifar da shi. Muddin garin na jiƙe cikin ruwan zafi, ana ta tatsarsa ne. In saukowa ta gyaru, rabin ɗacin ya tafi.

Wata 'yar'uwa:

Baba ya gama magana, amma ni da na ji "inji mai wuƙa" na san inda gizo ke saƙar. Ƙanena, wannan injin sara yake yi, ba niƙa ba. Zuba abin da ya fitar a tafin hannunka ka duba da kyau: za ka ga manyan ɓarɓashi, ka ga kuma wata ƙura mai laushi da ke manne wa yatsa. Ƙurar nan ita ke fara kwanciya a kan ƙyallen ta liƙe ramukansa, kuma ita ce ke saurin sakin ɗaci. In da hali ka nemi injin da ke murƙushe 'ya'yan tsakanin haƙora biyu, ko na hannu ne ya wadatar, ka saita shi tsaka-tsaki, kamar yashi mai ɗan laushi. Kafin ka samu, riƙa danna injin naka kaɗan-kaɗan kana girgiza shi, sannan ka tankaɗe ƙurar da rariya mai ƙananan ido.

Sai ƙyallen kansa. Yaya kake ajiye shi? Gahawa tana da maiƙo, in ƙyallen ya bushe da maiƙon a jikinsa sai ya yi tauri, ya toshe, ya kuma ɗauki wani wari da ke ɓata duk abin da ya bi ta cikinsa. Da ka gama, ɗauraye shi da ruwan zafi, ban da sabulu, don warin sabulun ba ya fita. Ka tsoma shi cikin ruwa mai tsabta a ƙaramin mazubi mai murfi ka sa a firji, kana canza ruwan. Lokaci-lokaci ka tafasa shi. In ya yi baƙi ƙirin ko ka shinshina ka ji wani iri, sabo kawai za ka ɗaura.

Mai tambaya:

Yaya na gode. Shanya shi nake yi ya bushe, kuma gaskiya ya yi duhu. Yau zan tafasa shi. To robar fa, ta yaya zan gane ko ita ce?

Wani mai gyaran kayan girki:

Gwajin ba wuya, Malam. Yi dahuwar da ruwa zalla, ba gari, matatar na ciki. In ruwan ya hau, ka sauke, ya dawo ƙasa da ƙarfi har ka ji ya yi ɓul-ɓul a ƙarshe, robarka lafiya lau, laifin niƙa ne ko ƙyalle. In ya yi ta jan jiki, ko ka ji ɗan tsaki a wuyan tulun, ko ka ga tururi na fita ta gefe, to iska na shiga. Cire robar ka lanƙwasa ta a hannu. Mai kyau tana da taushi, wadda ta tsufa kuwa tauri take yi har da tsattsagewa. Ka kuma tabbata ƙugiyar sifirin ɗin matatar ta kama bakin bututu, matatar ta zauna daidai tsakiya.

Abin da ya fi damuna shi ne lafiyarka. Gilashin nan an yi shi don jure zafi, amma ba ya son canji na farat ɗaya. Goge bayan tulun ya bushe kafin ka ɗora. Kada harshen wuta ya wuce faɗin gindinsa. Masu murhun lantarki mai naɗaɗɗen ƙarfe su sa 'yar wayar nan da ake ɗorawa a tsakani. Za ka ji wasu na cewa a naɗa jiƙaƙƙen tsumma mai sanyi a tulun ƙasa don a hanzarta saukowa. Yana aiki, amma ni ba na ba kowa wannan shawara, musamman ga wanda matatarsa ke toshewa, domin ƙarfin jan yana ƙaruwa ne a kan gilashi. Kuma in ta tsaya, kada ka fizge tulun sama. Mayar da ita kan ƙaramar wuta, jan zai saki, ka motsa garin, ka sake saukewa.

Wani ɗan'uwa:

Ni dai na bar ƙyalle tuni, sandar gilashi nake amfani da ita. Tukunyar nan tsohuwa ce fa: a Berlin aka fara ƙera irinta wajen 1830, wata mata a birnin Lyon na Faransa, Madame Vassieux, ta yi rajistar nata samfurin a 1841. Zuwa shekarun 1930 da 1940 ta cika gidajen Amurka, lokacin da kamfanin Cory ya shahara da sandar gilashi mai kaushin ciki da ke zama a bakin bututu ta tare gari. Tukwanen kamfanin Cona, wanda ya samo asali a Ingila, su ma da irin wannan sandar suke aiki. Ba wanki, ba firji, ɗauraya kawai.

'Yar'uwar ta dawo:

Haka ne, amma kada ka tura shi can yanzu. Sandar ta fi ƙyalle ƙyamar ƙura, da irin niƙansa toshewa za ta yi, kuma ba kowace sanda ke zama daidai a kowace tukunya ba. Ni kam na fi son ƙyalle saboda tsabtar abin da yake bayarwa: ɗaga tulun ka duba a haske, za ka ga gahawar garau, ja-ja, ba laka a gindi. Ya gyara niƙa tukuna.

Mai tambaya:

Alhamdu lillahi, na tafasa ƙyallen, na tankaɗe ƙurar, na kuma ɗauke ta daga murhu kamar yadda Baba ya ce. Ta sauko tas cikin kamar minti ɗaya, garin ya taru a tsakiya ya yi tudu, kusan a bushe. Ɗacin ya ragu sosai. Sai dai yanzu ta ɗan yi salam, da ɗan tsami-tsami. Gari zan ƙara ko lokaci?

Dattijon:

Madalla, ɗana. Tudun nan alama ce jan ya yi ƙarfi yadda ake so. Tsami da salam na nufin yanzu ba a tatsi garin sosai ba, kuma ka tuna tankaɗen ya rage maka nauyinsa. Auna bayan ka tankaɗe, da sikeli, ba da cokali ba: giram 60 zuwa 65 ga lita ɗaya, wato wajen giram 30 zuwa 33 in rabin lita kake dafawa.

Fara da ruwan da ya riga ya yi zafi. Kada ka zuba gari sai ruwan ya gama hawa, domin na farkon da ke hayewa bai kai zafin da ake so ba, shi ke jawo tsami. In ya hau, rage wuta har ƙumfar da ke ɓullowa ta bututu ta zama 'yar kaɗan. Ƙumfar nan tururi ne daga ƙasa, ba tafasa ruwan saman yake yi ba. Kana son sa tsakanin digiri 90 da 95. Sannan ka zuba gari, ka danna shi a hankali da cokalin katako har ko'ina ya jiƙe, ka bar shi minti ɗaya da rabi, ka ƙara juyawa sau ɗaya, ka sauke. In har yanzu da tsami, ƙara daƙiƙa 15 a dahuwa ta gaba. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane karo, in ba haka ba ba za ka gane wanne ya yi aiki ba. Kuma ka bar ta ta ɗan sha iska kafin ka kurɓa, don tana fitowa da zafi fiye da ta sauran tukwane, ɗanɗanonta kuma sai ta ɗan huce yake bayyana.