Mura ta warke amma Mama ba ta jin ɗanɗanon abinci

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifiyarmu ta yi mura mai tsanani, yau sati uku da warkewa, amma ta ce komai salam take jin sa, har miyar kuka mai daddawa. Tana da hawan jini, ga shi sai ƙara gishiri take yi. Me za mu yi?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Yawanci matsalar a hanci take, ba a harshe ba. Harshe abu 5 kawai yake ganewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri da daɗin romo. Sauran, irin ƙamshin daddawa da citta, yana hawa ta bayan maƙogwaro ne zuwa jijiyoyin da ke can saman hanci. Ku gwada: a ɗora mata sukari, sannan gishiri, sannan ruwan lemun tsami a harshe ɗaya bayan ɗaya. In ta bambance su, harshenta lafiya lau. Zafin barkono kuma wata jijiya ce daban, shi ya sa za ta iya jin sa har yanzu.

Amsa ta biyu: 'Yar'uwa, jijiyoyin ƙamshi suna sake tsirowa, sai dai a hankali. A samu abu 4 masu ƙarfin ƙamshi a kwalabe masu murfi: kanumfari, ɓawon lemun tsami, turaren fure da man zafi. Ta riƙa shinshina kowanne a hankali na daƙiƙa 20, safe da yamma, tana tuno yadda ta san ƙamshinsa. Kada a bari kafin sati 12. In albasa ko nama suka fara yi mata wari, kada hankali ya tashi, yakan faru yayin da jijiyoyin ke farfaɗowa.

Idan hancin a toshe yake, a wanke da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce. Maganin fesawa mai buɗe hanci kada ya wuce kwana 5, toshewar kan dawo fiye da da.

Amsa ta uku: Don Allah a ɗauke gishirin daga gabanta, a ƙara tsamiya da yaji maimakonsa. Kuma kada a bar ta ita kaɗai da tukunyar gas, ba za ta ji warin yoyo ba. In toshewar ɓari ɗaya ce, ko ana haɓo, ko ta taɓa buguwa a kai, ku kai ta wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro cikin satin nan.