Nijar ta fita daga ECOWAS: wace hanya ta rage wa kasuwancin kan iyaka na Jibiya da Kwangwalam?

Ɗan Magama: Assalamu alaikum. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, bayan wa'adin shekara guda da sashe na 91 na yarjejeniyar ƙungiyar ya tanada. To wane tsari zai dace da masu kai kaya Maraɗi da Damagaram?

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Hanyoyi uku nake gani. Akwai ta Muritaniya: ta fice a 2000, ta dawo a 2017 ta sa hannu kan yarjejeniyar ƙawance don a ci gaba da ciniki, ba tare da ta koma mamba ba. Akwai irin ta Birtaniya da Tarayyar Turai daga 2021: an yafe kuɗin fito, amma sai ka nuna shaidar inda aka yi kayan. Ta ukun ita ce a watse babu yarjejeniya, kayan Nijar su faɗa harajin bai-ɗaya na ECOWAS mai mataki biyar: kashi 0, 5, 10, 20 da 35. Ta Muritaniya ta fi mana.

Malam Na-Daura: Alhaji, a raba kayan biyu tukuna. A tsarin ETLS, wato tsarin ECOWAS na yafe kuɗin fito kan kayan ƙasashenta, dabbobi da amfanin gona, irin albasa da wake, ba a neman musu takardar shaidar asali. Kayan masana'anta ne ake nema wa, sai kamfani da kayansa sun yi rajista. Nan ake tuntuɓe: wa zai ba da takardar a ɓangaren Nijar, wa zai amince da ita a Jibiya? Idan ba a rubuta wannan ba, mota ta kwana uku a boda, albasa ta ruɓe, ɗan kasuwa ya koma ɓarauniyar hanya. ECOWAS ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da kayan ƙasashen uku har sai ta sake sanarwa, amma alfarma ce, ana iya janye ta.

Hajiya 'Yar Kofar Sauri: Kada a manta Nijar tana cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, sefa ma ba ta canza ba, don haka cinikinta da Benin da Togo yana da wata madogara. Najeriya ce ba ta ciki. Abin da ke hannunmu shi ne Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar ta 1971. Ta nan ya kamata a fara rubuta batun shiga ba biza na kwana 90, da takardar ƙetare iyaka ta makiyaya, tun kafin jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi ya fara ɗaukar kaya.