Na gaji da aikin ikilisiya, addu'a kuma ta gagare ni: in ajiye ne?

Mai neman shawara:

Salama a gare ku, iyaye da 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina da wata damuwa da na kasa faɗa wa waɗanda muke sujada tare, shi ya sa na kawo ta nan.

Ni akanta ce a wurin aikina. Da dattawan ikilisiyarmu suka san haka, sai suka roƙe ni in riƙe musu littafin kuɗi, na karɓa da murna. Yau shekaru ke nan. Kowace Lahadi, ana gama ɗaukar baiko nake tashi in shige ƙaramin ɗakin da ke bayan majami'a. Wa'azi ta bango nake jin sa, rabi da rabi, ina warware takardun kuɗin da aka dunƙule, ina daidaita ambulan da sunaye. Kafin in fito an sa albarka, kowa ya watse. Daga baya aka ɗora mini kuɗin gini, da na taimakon gwauraye, da rahoton wata-wata.

Ba gajiyar ce ta fi damuna ba, addu'a ce. In na durƙusa da dare, kafin in faɗi kalmomi kaɗan hankalina ya tafi kan wani rasit da ban gani ba. Wata rana barci ne ke kwashe ni a durƙushe. Ba na jin komai. In na ga 'yan'uwa suna waƙa ko suna ba da shaida har da hawaye, sai in ce a raina su ne masu baiwa, ni dai boko kawai na yi.

Shin wannan aikin baiwa ce daga Allah, ko kuwa lissafi ne kurum? In ajiye har addu'ata ta dawo, ko in daure?

Wata 'yar'uwa:

Ayya, sannu 'yar'uwa. Ubangiji ya ƙarfafa ki. Na sa ki a addu'a daren nan.

Wani dattijon ikilisiya:

'Yata, kafin maganar baiwa, amsa mini wannan: ke kaɗai kike shiga ɗakin nan? In haka ne, ai tsarin ne ya karkace tun farko, kuma ba ke kika karkatar da shi ba. Na daɗe ina riƙe ajiyar ikilisiya, ban taɓa yarda in ƙirga baiko ni kaɗai ba, ba don ina zargin kaina ba.

Buɗe 2 Korantiyawa 8:16-22. Sa'ad da ake tara gudummawa domin masu bi da ke Urushalima, Bulus bai ce shi manzo ne don haka a miƙa masa jaka a yi shiru ba. Titus ya aika, tare da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi da kansu suka zaɓa, da wani kuma na uku, ya kuma faɗi dalili: kada wani ya sami abin zargi, a yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane. Tun zamanin sarki Yowash ma haka abin yake. Firist Yehoyada ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade, in ya cika sai magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga. Yana nan a 2 Sarakuna 12. Mutum biyu, 'yata, ba ɗaya ba.

Kuma me ya hana a kulle baikon a gaban jama'a, a ƙirga bayan an tashi? Wa ya ce sai a lokacin wa'azi? An raba ki da cin abincin ruhu, sannan kina mamakin me ya sa kike jin yunwa.

Batun ko baiwa ce: a Ayyukan Manzanni 6, rigimar farko da ta tashi a ikilisiya kan rabon abin yau da kullum ce, don ana tsallake gwauraye masu jin Helenanci. Manzanni ba su ce a samo ko wane ne ya iya lissafi ba. Cewa suka yi a zaɓi mutum 7 da ake shaidarsu, cike da Ruhu da hikima. Istifanas yana cikinsu, da Filibus. In aikin rabo yana bukatar cikar Ruhu, ba kya ce naki boko ne kawai ba.

Wani ɗan'uwa:

Da izinin Baba, ni dai ina ganin a faɗa mata gaskiya. Bushewar addu'a ba ta zuwa haka kawai. Ko akwai zunubin da ba a furta ba, ko magabci ne ya sami ƙofa. 'Yar'uwa, ki ɗauki azumi, ki binciki zuciyarki. Kin zama Marta, hidima ta ɗauke miki hankali, Yesu kuwa ya ce Maryamu ce ta zaɓi rabo mai kyau. Ki ajiye littafin nan ki koma gaban Ubangiji.

Wata uwa, malamar makarantar Lahadi:

Ɗana, a hankali. Abin da abokan Ayuba suka yi ke nan: suka ga wahala, suka yanke hukunci lalle akwai laifi a ɓoye. A sura ta 42 Allah ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kansu, don ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Binciken zuciya abu ne mai kyau, ban hana ba. Amma yarinyar da ke barci a durƙushe, abu na farko da zan fara zato shi ne barci take ji.

Ku tuna da Iliya a 1 Sarakuna 19. Bayan abin da ya faru a Dutsen Karmel, ya gudu daga Yezebel, ya zauna a gindin bishiya ya ce ya isa, a ɗauki ransa. Me Allah ya fara yi masa? Bai yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci. Sai da ya kai Horeb aka yi maganar. Kuma a can aka gaya masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka ce ya je ya keɓe Elisha. Wato ba shi kaɗai ba ne, kuma ga mai taya shi.

Ita Martar ma muna yawan cin zarafinta. Yesu bai ce ta daina hidima ba, damuwarta da ɗawainiyar abubuwa da yawa ya taɓa. Ita ce kuma a Yahaya 11, ɗan'uwanta na kabari, ta fita ta tarye shi ta ce ta gaskata shi ne Almasihu, Ɗan Allah.

'Yata, abu ɗaya zan ƙara. In kin ga ba addu'a kaɗai ba ce, abinci ma ya fita ranki, barcin ba ya wartsake ki, abubuwan da kike so a da duk sun gundure ki, ki ga likita. Ba rashin bangaskiya ba ne.

Mai neman shawara:

Na gode, Baba. Na gode, Mama. E, yawanci ni kaɗai nake. Akwai wanda aka haɗa mu da farko, ya yi ƙaura, ba a sa wani ba, ni ma ban yi magana ba.

Amma akwai abin da ban faɗa ba. Lokacin da nake neman aiki na yi wa Allah alkawari, in ya ba ni zan yi masa hidima da ilimin. Ya ba ni. Yanzu tsoro nake ji, in na rage ko kaɗan zai janye hannunsa. Duk sanda wani abu ya ɗan taɓa ni a ofis, sai in fara tunanin ko wane rahoto na yi jinkirin kaiwa.

Wani fasto:

Yawwa, yanzu muka zo kan maganar, ƙanwata.

Alkawari ba abin wasa ba ne, Mai Hadishi 5 ya ce gara kada ka yi wa'adi da ka yi ka ƙi cikawa. To amma mene ne kika alkawarta? Hidima da iliminki. Ba ki ce za ki daina jin wa'azi ba, ba ki ce za ki yi aikin mutum uku ba. Ki koya wa wasu matasa biyu yadda ake riƙe littafi, wannan ma hidima ce da ilimin, kuma ta fi amfanar ikilisiya, don ranar da kika kwanta ciwo ba za a rasa inda aka kwana ba.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne littafin da kika buɗe tsakaninki da Allah. Sana'arki ta koya miki kowane shafi sai ya daidaita, abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma a ofis haka ya kamata. Sai kika ɗauko wannan kika kawo gaban Uba. Ta yaya addu'a za ta yi miki daɗi, alhali duk dare ji kike kin zo gaban mai binki bashi?

A Luka 15 kowa ya san ƙaramin ɗan da ya tafi ya lalatar da rabonsa. Ba a cika tsayawa kan babban ba. Shi bai taɓa barin gida ba, amma ji abin da ya gaya wa mahaifinsa: shekara da shekaru yana yi masa bauta, bai taɓa ƙin umarninsa ba, ko ɗan akuya ba a taɓa ba shi ba. Yana cikin gidan ubansa yana lissafi kamar ɗan ƙodago. Uban bai kawo nasa lissafin ba. Ya fito waje wurinsa, ya kira shi ɗansa, ya ce kullum yana tare da shi, duk abin da yake da shi nasa ne.

Ki karanta Afisawa 2:8-10 a jere, kada ki tsallake. Aya ta 8 da ta 9 sun ce ceto ta wurin alheri ne, kyauta ce, ba sakamakon ayyuka ba. Sai aya ta 10 ta kawo kyawawan ayyukan da Allah ya shirya mana tun da wuri. Ayyukan suna nan, ba a soke su ba, amma a baya suke zuwa. Aikin da kika samu ba rance ba ne.

Ni ba zan ce ki ajiye ba. Zan ce ki rage, ki koma kujerarki a majami'a.

Wata ƙanwa daga ƙungiyar mawaƙa:

Yaya, ni ina cikin masu waƙar da kike gani, kuma ina tabbatar miki akwai Lahadin da nake ɗaga hannu zuciyata kuwa ba ta wurin. Hawaye ba ma'auni ba ne. Uwa Teresa, wadda ta yi wa matalauta hidima a Indiya, ta rasu a 1997, da aka buga wasiƙunta a 2007 sai duniya ta ga ta yi shekaru da dama tana hidima ba ta jin kusancin Allah ko kaɗan. Mu kuma da ba don irinku ba, ko wutar da muke waƙa da ita wa zai biya?

Wani malami:

Ni kan addu'ar kawai zan yi magana. A 1535 Martin Luther, malamin ikilisiya ɗan Jamus, ya rubuta wa wanzaminsa, wani mai suna Peter, 'yar takarda kan yadda shi kansa yake addu'a. Ya ce in ya ji zuciyarsa ta yi sanyi saboda ayyuka, ba ya zama jiran ta ɗumama. Yakan ɗauki Zabura ya shige ɗaki, ya fara faɗin Dokoki Goma da sauran abin da ya haddace, kamar yadda yara ke yi. Sannan ya bi Addu'ar Ubangiji roƙo ɗaya-ɗaya, yana faɗaɗa kowanne da kalmominsa. Dokokin kuma yakan juya kowace ta fuska huɗu: me take koya mini, me zan gode a kai, me zan furta, me zan roƙa. Ya kuma ce in tunani mai kyau ya zo a tsakiya, a bar sauran a saurara.

Don haka kada ki tilasta wa kanki ƙirƙirar kalmomi. Ki ara. Zabura 13 gajera ce, sau huɗu Dawuda yake tambaya har yaushe. Zabura 88 kuwa da duhu ta ƙare, babu ko ɗan haske a ayar ƙarshe, kuma Allah bai cire ta daga Littafinsa ba. Ki karanta da murya, a zaune, da safe kafin ki taɓa waya. Rasit ɗin da ke faɗo miki a rai, ki ajiye takarda kusa ki rubuta shi ki ci gaba, ko ma ki sa shi cikin roƙon. Romawa 8:26 ta riga ta ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu ne ke roƙo dominmu.

Ɗan'uwan da ya yi maganar azumi:

Na ji, Mama. Amma ni dai ban janye maganar azumi ba. Ba sayen Allah ake yi da shi ba, kuma Yesu cewa ya yi sa'ad da kuke azumi, bai ce in kun ga dama ba.

Uwar:

Ba wanda ya hana, ɗana. Ta fara yin barci tukuna.

Mai neman shawara:

Allah ya saka muku da alheri duka. Zan fara da Zabura 13 gobe. Abin da ya rage: yaya zan tunkari dattawa ba tare da sun ɗauka ƙorafi nake yi, ko wani abu ya faru da kuɗin ba?

Dattijon:

Kada ki tare su a bakin ƙofa ranar Lahadi. Ki gaya wa fasto kina so a ba ki 'yan mintuna a zaman dattawa na gaba. Ki je da littafin a kammale, ki fara da roƙon a sa mutum biyu su bincika shi daga farko har ƙarshe, wannan kaɗai zai rufe bakin mai zato. Sannan ki faɗi abin da kike nema: a riƙa ƙirga bayan sujada, a yi jerin masu ƙirga bibbiyu suna karɓa-karɓa, duk su sa hannu a takarda, kuɗin gini kuma a ba wani. In suka ce babu mutane, ki riga ki tanadi sunayen matasa biyun da za ki koya wa. Ki tambaye su tukuna kafin ki ambace su.