Zan kai iyali Legas su ga teku, a ina zan sauka kuɗin su isa?

Malam na Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Hutun ƙarshen shekara nake so in kai maiɗakina da yara biyu Legas, kwana huɗu. Ita ba ta taɓa ganin teku ba, ni ma sau ɗaya na je tun ina ɗalibi. Ban da kuɗin mota na ware naira dubu 300, masauki da ci da yawo duk a ciki. Wani ya ce in kama ɗaki a Agege, ya fi araha kuma cikin Hausawa ne. Wani ya ce in nemi kusa da Obalende don kada kuɗin su ƙare a hanya. Wanne ya fi? Kuma ina za mu kai yara ba tare da an tatse mu ba? Don Allah wanda ya je kwanan nan ya yi magana.

Ɗan Daura:
Malam, ka ƙara haƙuri ka tara, ka kai ta Umara. Ga teku nan a Jidda, ga lada.

Sarkin Tsokana:
Da dubu 300? Ko dam ɗin Jibiya ka kai su, ka ce wa yaran teku ne. Wa zai ƙaryata ka?

Maman Halifa:
Wa alaikumus salam. Mu mun je bara da maigida, a Agege muka sauka, dubu 18 kwana, fanka ce kawai amma akwai ruwa. Abinci kamar kana gida, har tuwon shinkafa da miyar kuka. Jirgin ƙasan da suka fara a 2024 yana tsayawa a Agege ya kai har Oyingbo, da katin Cowry ake shiga, shi ne dai na manyan bas ɗin BRT. Ka kai su gidan tarihi na Onikan, a can motar da aka harbe Janar Murtala take, ta 13 ga Fabrairun 1976, ga ramukan harsashi nan a jiki. Maigida sai da ya yi hawaye. Daga nan da ƙafa muka taka zuwa dandalin Tafawa Balewa.

Alhaji Mai Atamfa:
Malam, ka saurare ni da kyau, don abin da ya same ni ba na fatan ya sami ko maƙiyina. Ɗana ne ya ce Baba a daina otal, yanzu gida ake kamawa ta intanet. Ya nuna mini hoto a Instagram, falo da kujeru, wai a Lekki, wai kana leƙa taga kana ganin ruwa. Suka ce a tura rabi kafin alƙalami. Na tura dubu 90. Muka isa bayan isha'i, ni da mata biyu da jikoki uku, maigadi ya dube mu ya ce mu ne na huɗu da suka zo da wannan hoton a satin. Na kira lambar, a kashe. Direban ya ce in ƙara masa ko ya sauke mana kaya a bakin titi. A harabar wani masallaci muka kwana, Allah ya saka wa ladanin da alheri, shi ya buɗe wa mata wani ɗaki. Washegari na ce tunda mun zo, bari dai yara su ga ruwan. A ƙofa aka karɓi kuɗin kai, aka karɓi na mota, aka ce kular abincin da muka shigo da ita ma tana da kuɗi. Muka zauna a rumfa, wani ya zo ya ce kujera haya ce. Jikana ya hau doki, an yi ciniki dubu biyu, da zai sauka aka ce dubu biyun na tafiya ne, dawowa daban. Ni da dokina a ɗaure a gida, ina hawan Sallah shekara talatin!

Ɗan Daura:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Ka kai ƙara?

Alhaji Mai Atamfa:
Wa zan kai? Hoto?

Abban Sadiya:
Hajiya, dubu 18 ɗin nan a wace Agegen? Watan jiya na kwana can, dubu 35 na biya, kuma ƙarfe sha biyu suka kashe janareta.

Maman Halifa:
Abin da muka biya na faɗa, ɗan'uwa. Wataƙila shaddarka suka gani.

Baba Tsohon Soja:
Ku yara kuna wahalar da kanku. Ya je bakin teku na Bar Beach, kyauta ne, ba mai tambayarka ko kwabo. Na yi zaman barikin Obalende, kowace Lahadi can muke wuni.

Injiniya:
Baba, da girmamawa, Bar Beach ɗin da ka sani babu shi. An cike wurin da yashi, a kai ake gina sabon garin Eko Atlantic. Shi ya sa Malam ya ce wanda ya je kwanan nan. Malam, ka kai su gandun Lekki Conservation Centre, akwai gadar igiya a saman itatuwa mai tsawon mita 401, sai dai kuɗin shiga daban, na gadar daban, kuma ƙananan yara ba a bari su hau. Ku riƙe jaka da kyau, biran wurin ɓarayi ne. Badagry kuma ka cire ta a lissafi, wuni guda za ta ci maka.

Baba Tsohon Soja:
Lokacin da nake hawa gadar Carter ba a yi auren uwarka ba. Gadar Third Mainland a gabana Babangida ya buɗe ta a 1990.

Direban Tirela:
Ku duka baƙi ne. Ni duk wata ina Mile 12. Mai neman araha ba ya kama otal, wurin ɗan'uwa yake sauka. Malam, ba ka da kowa a Idi-Araba? Bakatsine ba ya rasa Bakatsine.

Sarkin Tsokana:
Ko ka ce kai Bagobiri ne, Yarabawa su ba ubangidansu masauki kyauta.

Katsinawan Agege:
Yauwa direba, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Shekarata goma sha ɗaya a nan, ɗaki ciki da falo nake haya, ni da iyali mu shida. Tun bayan ƙaramar Sallah falona bai yi sati biyu babu baƙo ba. Mutum zai kira ka yana Ibadan ya ce ga shi nan tafe. Kwana uku ya koma sati uku, ruwan wanka saye muke yi jarka-jarka, kuma kai za ka bar sana'arka ka raka shi kasuwar Balogun sayen kaya. Tun da aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da sauransu a 2022, samarin da suka rasa abin yi ma wurinmu suke kwana. Arahar da kuke lissafawa, aljihun wani ke biya.

Direban Tirela:
Haba ɗan'uwa, baƙonka annabinka. Kai da ka zo Legas ɗin, a otal ka sauka?

Maman Halifa:
Gaskiya ya faɗa. Ko buhun gero ne a riƙo masa, ba a zo hannu na dukan cinya ba.

Malam na Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ni ba ni da niyyar ɗora wa kowa nauyi. Amma har yanzu ban gane ba, Agege ko Obalende?

Katsinawan Agege:
Direba, ni da na zo tabarma na shimfiɗa a shago wata takwas, kuma ni ke share shagon. Ka tambayi ƙanenka da ka turo mini da azumi ko ya taɓa ɗaukar tsintsiya.