Tallafin kuɗi mai sharaɗi: abin da aka shawarta

Da aka tattauna kan tallafin naira 5,000 a wata da gwamnatin Buhari ta riƙa bai wa gidajen talakawa, wanda ake biya 10,000 duk wata biyu, an fi daɗewa kan wanda ya kamata ya riƙe kuɗin. Mafi yawa sun tsaya a kan uwar gida. Ita ta san abin da ya ƙare a tukunya da yaron da ba shi da takalmin makaranta, kuma haka ƙasar Meziko ta yi a shirinta na tallafin talakawa mai suna Progresa, wanda ta fara a 1997. Sai dai an ja kunne cewa a fahimtar da maigida tun farko, don kada kuɗin ya zama sanadin rigima.

Batun sharaɗi ya raba kan mutane. Sharaɗin kai yara makaranta da rigakafi da zuwa awon ciki abu ne mai kyau, amma wasu sun ce zalunci ne a yanke wa mace tallafi a ƙauyen da asibiti ke da nisa, makarantar kuma babu malami. A ganina masu wannan magana sun fi gaskiya.

An shawarci masu karɓa su shiga adashe, su sayi akuya ko kayan ƙosai kafin kuɗin ya narke a cefane. An kuma shawarci gwamnati ta biya a kan lokaci, ta ƙara adadin idan kaya sun yi tsada, ta hana 'yan siyasa cusa sunaye a rajista.