Neman shawara: wane lauya ya dace da ƙarar sakacin asibiti?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. An yi wa yayata tiyatar haihuwa a wani asibitin gwamnati. Bayan mako shida ciki ya kumbura ga zazzaɓi, aka sake yi mata aiki a wani asibitin, aka ciro ƙyallen tsane jini da aka manta a ciki. Muna son kai ƙara. Ta ina za mu fara, kuma wane irin lauya za mu nema?

Barista: Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Ku fara da lissafin kwanaki. Dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar a shigar da ƙara, kuma asibitocin gwamnati da ita suke fara kare kansu. Wasu hukumomin ma sai an aika musu sanarwa a rubuce kafin a je kotu. Mako shida ya riga ya tafi, don haka a cikin satin nan za ku ga lauya, kada ku jira ta warke.

Sista (ma'aikaciyar jinya): Ku rubuta wasiƙa ku nemi kwafin fayil ɗinta, a buga muku hatimi a kwafin wasiƙar da zai zauna a hannunku don kada gobe a ce ba a gani ba. Ku tabbatar akwai bayanin tiyata, takardar amincewa da aka sa wa hannu, da takardar ƙidayar ƙyallaye. A ɗakin tiyata ana ƙirga su kafin a fara, a sake ƙirgawa kafin a ɗinke ciki. Daga asibiti na biyu ku karɓi rahoton likita, hoton ciki da dukkan rasit. Don Allah kada ku sa sunan likita a Facebook, sai ƙara ta juyo kanku da zargin ɓata suna.

Wani lauya: Ba kowane lauya ne zai iya wannan ba, gwanin shari'ar fili daban yake. Ku je ofishin reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA na garinku ku nemi wanda ya taɓa yin irinta. Ku tambaye shi kai tsaye: wane likita zai kawo ya ba da shaida? Nan ne ƙararraki suke mutuwa, domin likitoci ba sa son tsayawa a kan 'yan uwansu. A shari'ar Ojo da Gharoro a 2006, ɓallin allura ne ya rage a cikin majiyyaciya, amma Kotun Ƙoli ta ce ba a tabbatar da sakaci ba. Wanda ya ce muku nasara tabbas ce tun bai karanta fayil ba, ku bar shi.

Batun kuɗi kuma, doka ta yarda lauya ya karɓi kaso daga diyya in an yi nasara. A rubuta kason, a kuma rubuta wa zai biya kuɗin shigar da ƙara da na likitan shaida. In babu hali, ku tuntuɓi hukumar ba da agajin lauyoyi ta ƙasa.

Dokta: Ku kai koke hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, wato MDCN, ita ma, da takardar rantsuwa. Tana iya dakatar da likita ko soke lasisinsa, amma ba ta biyan diyya, wannan aikin kotu ne. In asibitin ya neme ku da sulhu, kada ku sa hannu a komai sai lauyanku ya karanta.