Waɗanda suka taɓa riƙe wa naƙasasshe doki, ku zo mu faɗi abin da muka gani

Zagin Lahadi, unguwar Ali Ɗan Sofo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wasunku sun san akwai wani bawan Allah mai dawaki a nan Maradi da ya ba mu aron filinsa a bakin gulbi, duk Lahadi da safe muna hawar da yara masu naƙasa da wasu manya ƙalilan. Ba ƙungiya ba ce, ba mu da ofis, shi kansa mai dawakin ya ce kada a ambaci sunansa. To yanzu mutanen Tasawa da na Tibiri sun dame ni da tambaya, suna son su fara nasu. Na ga gara duk wanda ya taɓa sa hannu ya faɗi nasa da bakinsa.

Nawa gajere ne. Duk mai tambaya da doki yake farawa: ina za a samu, nawa ne kuɗin harawa. Doki ba ya wuya a ƙasar Katsina da Gobir, wanda ya ga hawan Sallah a ƙofar Sarki ya sani. Mutane ne ke wuya. Yaron da ba ya iya zama shi kaɗai, manya uku yake ci: ɗaya ya ja ragama, biyu su riƙe shi hagu da dama. In yara takwas suka zo mu kuma mu huɗu, doki ɗaya ne zai yi aiki, sauran suna turke suna kaɗa wutsiya, iyaye na zaune a inuwa suna kallonmu.

Tsohon Ɗan Barga, Maradawa

Wa alaikumus salam. Yaro, ka yi gaskiya a kan mutane, amma kada ka sa na Tasawa su ɗauka kowane doki ne zai yi. Tun ina ɗan saurayi nake kwasar kashin doki, bari in faɗa muku.

Ingarman da aka ƙosar da gero don hawan Sallah, wanda ya saba da kaimi da sukuwa da zamiya a gaban jama'a, ku bar shi inda yake. Shi an koya masa in ya ji ƙafa ta matse shi ya zabura. Yaron nan kuwa ƙafarsa takan matse ba da saninsa ba, ko ya yi ƙara don murna, ko ya damƙi geza ya ja. Abin da ake nema tsohon doki ne ko goɗiya wadda ta ga duniya, mai tafiya a miƙe ba ɗingishi, marar tsawo sosai don masu riƙo su kai ga yaro ba tare da sun yi ɗage ba.

Kafin in yarda a ɗora wa doki ɗan mutane, sai na gwada shi. In zo da kekin guragu in tura kusa da shi, in yar da sanda a gabansa ta yi ƙara, in sa yaran unguwa su yi ta ihu. Kilin da muke aiki da shi yanzu, ranar farko da ya ga keken sai ya ja da baya har igiya ta miƙe, ya buɗe hanci yana huci. Na bar keken nan a wurin, na zuba masa dusa a kan kujerar. Ya daɗe yana kallo, ya matso, ya sunsuni taya, ya sunsuni marikin, sannan ya sa baki. Wani akawal kuwa da aka kawo mana, kyakkyawa, har yau in ya ga keke sai ya kwantar da kunne. Na ce a mayar wa mai shi.

Linzami kuma a cire shi. Namu na gargajiya mai kaifi ne, hannun da bai san nauyinsa ba zai fasa wa doki baki. Ragama ta isa. Sannan sababbin zuwa, don Allah ku daina bi ta bayan doki kuna waya. Ba ya ganin abin da ke daidai bayansa, in ya firgita harbi ne.

Maman Auta, Bagalam

Sannu Baba, Allah shi ƙara girma. Ni uwa ce, ɗana shekararsa bakwai, ya wahala wurin haihuwa, gaɓoɓinsa a sandare suke. Ƙafafunsa harɗewa suke yi, in zan yi masa wanka sai na yi da gaske kafin in raba su. Ranar da aka fara ɗora shi na ce ba za su buɗu ba, ina riƙe da gefen mayafina ina salati. Aka zaunar da shi a kan bargo, ba sirdi, aka fara tafiya a hankali. Kafin su gama zagaye na uku na ga gwiwoyinsa sun sauko sun kwanta a jikin dokin. Bai yi kuka ba. Da muka koma gida ya ci tuwo ya yi barci har la'asar.

Ba zan ce muku ya warke ba, har yanzu goya shi nake. Amma wuyansa ya fi tsayawa, kuma yana sanin ranar Lahadi, tun asuba yake nuna ƙofa.

Ƙorafina a kan masu taimako ne, ku yi haƙuri. Yaron nan ba ya yarda da baƙon hannu. Sai ya saba da mutum, ya san muryarsa, sai a neme shi a rasa, wata uku ba labari. An taɓa yin ranar da na biya adaidaita zuwa da dawowa, na bar sana'ata, na iske mutum biyu kawai. Muka zauna har rana ta take, aka ce a yi haƙuri. Ni na iya haƙuri, shi fa? Kuka ya yi ta yi har gida. Wanda ya san ba zai zo ba, ya aiko tun daren Asabar, ba zagi ba ne.

Mai Gashin Ƙashi

Hajiya, abin da kika gani yana da dalili. Doki in yana tafiyar ƙasaita, taku ɗaya-ɗaya, bayansa yana juya ƙugun mahayi gaba da baya, hagu da dama, kusan yadda ƙugun mutum ke juyawa in yana tafiya da ƙafarsa. Yaron da bai taɓa takawa ba, jikinsa na samun wannan motsin sau ɗaruruwa a zama ɗaya, kuma dole bayansa da cikinsa su yi aiki don kada ya karkace. Ga ɗumin jikin doki, wanda ya ɗan fi na mutum, yana taimaka wa jijiyar da ta ɗaure ta saki. Shi ya sa nake hana sirdi ga irin ɗanki. Sirdinmu mai tudu gaba da baya yana tokare mutum, amma yana raba shi da motsin da ɗumin duka.

Na Tasawa, ku ji wannan da kyau, ba kowane yaro ake hawarwa ba. Mai farfaɗiyar da magani bai riƙe ta ba, a'a. Wanda ƙashin ƙugunsa ya goce, ko bayansa ya lanƙwashe sosai, ko yake da gyambon zama a ɗuwawu, a'a sai likita ya gani. Yaran da aka haifa da larurar Down, mai jawo jinkirin girma da koyo, wasunsu ƙasusuwan saman wuyansu ba su da ƙarfin riƙo, girgiza na iya yi masu mummunan lahani, dole a duba su tukuna. Masu aiki a barga kuma ku yi allurar tetanus, ƙwayar cutar na zama cikin ƙasa da kashin dabbobi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu cewa doki na maganin shan inna. Ƙafar da shan inna ya shanye ba ta dawowa don an hau doki. Kada a sa uwa ta bar gashi a asibiti ta dogara da Lahadi.

Mai Keke, unguwar Zariya a Maradi

Malam likita, ni ne mai shan innan, kuma ban zo neman ƙafa ba. Shekarata talatin da ɗoriya, ina gyaran salula a kasuwa. Tun tasowata daga ƙasa nake kallon mutane, kowa sai ya sunkuyo zai yi mani magana. Ranar da na hau goɗiyar nan, Baba ɗan barga ya ɗaga kai sama yana tambayata ko majayi ya yi daidai. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗin mota.

Amma ina da magana da masu sa-kai, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai masu zuwa don hoto. Mutum ya zo da shadda mai maiƙo, ya riƙe ragama minti biyar, abokinsa ya ɗauka, da yamma ka ga fuskarka a Facebook an rubuta "Allah sarki". Wa ya tambaye ni? Wa ya tambayi uwar yaron can? Na biyu, ku riƙa bambanta mu. Ni hannuwana sun fi na yawancinku ƙarfi, keke nake tuƙawa da su kullum. Ba na buƙatar mutum uku su kewaye ni. Ku koya mani juya doki da tsayar da shi, ku sake mani ragama, ku je ku taimaki ɗan Hajiya. Da kun yi haka da an samu hannun da ake kukan babu.

Zagin Lahadi

Ta hoto mun riga mun hana, sai da izinin mai jiki ko iyaye. Ta sakin ragama kuwa, ku daidaita da Baba, shi ke da dawaki a hannu.

'Yar Jami'a

Salamu alaikum. Ina karatu a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ina cikin masu riƙo a gefe. Wanda bai yi ba yana ganin yawo ne. Hannunka na kan cinyar yaro, kafaɗarka a ɗage, ƙafarka na nutsewa cikin rairayi, ga shi ba ka da damar kallon ko'ina sai shi. In an yi rabin sa'a sai ka ji hannun ba naka ba ne, shi ya sa muke tsayar da doki mu yi musanyar gefe, ɗaya bayan ɗaya, ba a sakin yaro gaba ɗaya. Abin da ya fi wuya shi ne ka hana kanka gyara shi. In ya ɗan karkace, zuciyarka na cewa ka miƙar da shi, alhali so ake ya nemo daidai da kansa. Kuma a zo da takalmi rufaffe, kofato ba ya sanin silifa.

Inna Maman Auta, ki yafe mana, lokacin jarabawa ne ke kwashe mu. Da damina kuma samarin gona suke tafiya, filin ma ruwa ke cinye rabinsa.

Tambayata ga manya: akwai yara mata da iyayensu ke kawowa su yi kallo kawai, an ce mace ba ta hawan doki. Wata 'yar shekara tara, kurma, duk mako tana tsaye tana shafa wuyan goɗiya. Mu mata huɗu ne, za mu iya kewaye ta ba namiji ko ɗaya.

Ɗan Maradi a Faransa

Ƙanwata, ki ba iyayen wannan labarin. Cikin waɗanda suka sa Turawa suka ɗauki abin nan da gaske akwai mace, Lis Hartel 'yar ƙasar Denmak. Shan inna ya kama ta a 1944, ƙafafunta daga gwiwa zuwa ƙasa suka daina aiki, sai an ɗora ta a kan doki an sauke ta. Duk da haka ta ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952, tana karawa da maza masu lafiya, ta sake ci a 1956. Bayan nan wuraren hawar da naƙasassu suka yawaita, a Ingila aka kafa ƙungiyar hawar da naƙasassu doki mai suna RDA a 1969, kuma tun 1996 hawan doki na cikin gasar Olamfik ta naƙasassu.

Na yi aikin sa-kai a wani wurin irin wannan a nan. Kayan aiki sun fi namu, ba gardama, amma kukansu ɗaya da na Zagi, a kullum neman masu riƙo suke. Abin da za mu iya ɗauka ba tare da kuɗi mai yawa ba: dakali mai gangare, a tura keke har sama mutum ya zame kan doki, a daina cicciɓar babban mutum a gaban jama'a. Hular kwano ta hawan doki ga kowane mahayi. Sannan suna auna nauyi, ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada mahayi da sirdi su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki. Namu dawakin ƙanana ne, a lura. Suna kuma rubuta sunan kowa da ranarsa, wanda ba zai zo ba shi zai nemo madadinsa.

Tsohon Ɗan Barga

Dakali na ji, magini ɗaya da buhun siminti kaɗan ne. Yarinyar kuma, in ubanta ya yarda, ku kawo ta, goɗiyar ba ta tambayar wa ke bisa. Mai Keke, Lahadi za mu gwada, amma da doguwar igiya a hannuna, ba na sakinka rana ɗaya.

Abin da ba wanda ya faɗa shi ne doki ma na gajiya. Ɗaukar wanda ke karkata gefe ɗaya ya fi ɗaukar gwani wahala. In na ga kili ya fara cije iska lokacin ɗaure majayi, na san bayansa na ciwo, ranar ba ya aiki ko wa ya zo. Bazara ta kusa, Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a garin nan. Ni dai ƙarfe tara na yi zan kwance dawaki in kai su ruwa. Wanda ke son hawa ya zo bayan sallar asuba.

Zagin Lahadi

To an tsayar: daga wannan makon farawa ƙarfe shida da rabi. Zan kawo littafi kowa ya rubuta Lahadin da ya ɗauka, ko sau ɗaya a wata ne, in dai zai cika. Na Tasawa da Tibiri, kafin ku je roƙon doki ku tara mutum shida da suka yi alkawarin wata uku, ku zo nan ku yi Lahadi biyu tare da Baba. Hular kwano guda biyu muke da ita, duka na manya, in akwai mai zuwa Yamai ko Kano ya duba mana ta yara.